Ranar da Aka Shanya Duwatsun Deusimar

"Shigo da sauri, Valdo, kada maƙwabta su gan ka."

Jucilene ta ja hannunsa ta rufe ƙofar shagon. Iyayenta sun tafi asibiti awon hawan jinin mahaifiyarta, kuma ta san layin wurin, ba su dawowa kafin ƙarfe uku.

Erivaldo ya shigo yana jan ƙafarsa ta hagu. Shekara huɗu rabonsa da taka shagon mahaifinta, Seu Nonato mai kifin ado. Kallo ɗaya ya yi wa ƙananan tankunan sayarwa, ya wuce bangon ciki inda babban tankin gilashi yake, wanda duk unguwarmu ta Mucuripe ta san ba na sayarwa ba ne.

Deusimar, yayan Jucilene, shi ya haɗa wannan tanki. Duwatsun ciki shi da Erivaldo suka nutsa suka ɗebo daga ƙasan teku, tun kafin doka ta hana. Duwatsu ne masu rai, masu ramuka kamar soso, jikinsu shunayya, da 'yan tsutsotsi masu kai kamar fure da ke leƙowa su koma. A tsakaninsu Kanar ke yawo, baƙin kifi mai ɗigon rawaya, faɗinsa kamar faranti. Shekararsa tara a gidan.

A ƙarƙashin ruwa Deusimar ya mutu, da tiyon iska a bakinsa. Erivaldo ne a kan jirgi ranar, yana kula da injin da ke tura masa iska. Abin da unguwa ta riƙe shi ne barci ya kwashe shi. Ya faɗa ruwa ya ciro abokinsa, ya taso daga zurfi da gaggawar da jikin mai nutso ba ya ɗauka, har ta nakasa masa ƙafa, amma bai ciro shi da rai ba. Sati guda bayan jana'iza, Dona Zuleide, mahaifiyar Jucilene, ta zare zoben alkawarin Erivaldo daga yatsan 'yarta, ta aika masa da shi a leda.

Yanzu gansakuka ta rufe rabin duwatsun, kore shar, tana kaɗawa kamar gashi.

"Tun yaushe?"

"Wata biyar. In na goge yau, jibi ta dawo. Kanar ma ya rage cin abinci. Valdo, ban san wanda zan kira ba sai kai."

Ya durƙusa da ƙyar, ya buɗe durowar ƙarƙashin tankin. Wata baƙar tukunyar tace ruwa ce a ciki tana gurnani, da tiyo biyu a kanta.

"Wa ya saka wannan?"

"Gleidson. Bara ya kawo, kyauta."

"Injiniyan wurin wanka?"

"Valdo mana."

"To ƙarya na yi? Wuraren wankan otal yake gyarawa. Shi da kifi ai sai soyayye."

Ta yi dariya ba ta shirya ba.

Ya kashe injin, ya kwance murfin. Wani wari ya taso. Soson ciki ya yi baƙi ƙirin, ƙwallayen roban da ke ƙarƙashinsa sun cika da taɓo.

"Ga ciwon nan. Wannan ba ta fitar da datti, Juci, tara shi take yi. Ragowar abinci da kashin kifi duk suna maƙale a nan suna ruɓewa, ruwa na bi ta kansu dare da rana. Shi ne abincin gansakukar." Ya nuna wani dogon gilashi a kusurwa, ya yi ƙura. "Injin kumfar Deusimar fa?"

"Ya lalace. Gleidson ya ce tsohon yayi ne."

"Wancan shi ke ɗauke ƙazanta tun kafin ta ruɓe. Sauran aikin kuma duwatsun ne ke yi. Cikin ramukan nan akwai halittun da ido ba ya gani, su ke cinye gubar ruwa. Abin da suke so kaɗan ne. Ruwa ya riƙa motsi yana ratsa su kamar a teku. Ki gyara injin kumfar, ki ƙara ƙaramin famfo a can kusurwar. Soson nan ki rage shi kaɗan-kaɗan, kada ki cire rana ɗaya. Duk sati ki canja bokiti biyu. Gansakukar da kanta za ta mutu." Ya ɗago ya dube ta. "Abu ɗaya dai, kada kowa ya fitar da duwatsun nan daga ruwa. Kin ji ni?"

"Na ji."

Ya naɗe hannun rigarsa ya tura hannu cikin tankin, yana tsinke gansakuka a hankali. Kanar ya zo ya zagaya yatsunsa.

"Ka rame," in ji ta.

"Ke ma."

"Gleidson ya sake zuwa wurin Baba neman aurena ranar Lahadi. Mama har ta amsa masa a bakina."

Hannunsa ya tsaya cikin ruwan. "Ke fa?"

"Shekarata ashirin da takwas, babu mai ɗaura mini aure dole. Amma duk ranar da na ce a'a, sai jininta ya hau, mu kwana biyu muna jinya." Hawaye suka zubo mata. "Valdo, me ya sa ba ka taɓa kare kanka ba? Na san ba barci ka yi ba. Na san ka. Ka buɗe baki sau ɗaya ka faɗi abin da ya faru a jirgin nan!"

Makulli ne ya juya a ƙofa.

Ashe likita bai zo ba ranar. Dona Zuleide ta shigo, mijinta na bayanta riƙe da lemarta. Ta tsaya cak. Jakar hannunta ta faɗi.

"Cire hannunka daga ruwan ɗana!"

"Dona Zuleide, barka da rana. Na zo ne..."

"Na ce cire! Bai ishe ka ba? Ka kashe shi, yanzu ka biyo abin da ya bari? Nonato, kana tsaye kana kallo?"

Seu Nonato yana tsaye kuwa, amma ƙasa yake kallo.

"Mama, ni na kira shi. Kifin ne ba shi da lafiya."

"Ke rufe mini baki! Ciki ɗaya kuka fito da wanda ke kwance a ƙasa, amma ko kunyar hotonsa ba ki ji ba."

Erivaldo ya goge hannunsa a wando, ya mayar da murfin tukunyar, ya kunna ta. Da ya zo wucewa ya ɗan rusuna. "Seu Nonato." Tsohon bai ɗago ba. Har ƙofa ta rufu suna jin ƙarar takalminsa yana jan ƙasa.

*

Washegari Gleidson ya iso da farar motarsa, da kwali a baya. Mutum ne mai fara'a da ƙamshin turare. Ya kawo wa Dona Zuleide kwalbar cajuína, lemon kashu mai sanyi, ya sumbaci hannunta.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Zauna. Juci, kawo wa Injiniya kofi."

Ya buɗe kwalin a tsakiyar shago. Wata tukunyar ce, ta ninka ta farko, har da fitila a ciki.

"Wannan fitilar kashe ƙwayoyin cuta take yi. Ko ruwan kwata ka zuba mata, garau zai fito. Amma gaskiya, Seu Nonato, tushen matsalar duwatsun nan ne. Shekara nawa ba a wanke su ba? A fitar da su, a sa burushi da ruwan famfo, a shanya su wuni guda, a mayar. Za ka gan su fari tas."

"Ba a wanke su," in ji Jucilene. "Suna da rai. Su ne ke tace ruwan."

Gleidson ya yi murmushi. "Dutse da rai, Juci? To mu yi masa baftisma mana."

Dona Zuleide ta yi dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Wannan karatun gurgu ne," ta ce. "Jiya ya cusa mata shi."

"Baba!" Jucilene ta juya wurin mahaifinta. "Shekara talatin kana wannan sana'a. Kai ka koya wa Deusimar. Ka gaya musu!"

Seu Nonato ya daɗe yana juya cokali a kofi. Ya dubi matarsa, ya dubi tankin.

"Duniya ta canja, 'yata. Yanzu akwai injina."

"Baba, don Allah..."

"Zan duba."

Bai duba komai ba. Ranar Alhamis da safe ya aike ta filin jirgi da akwatunan kifi na wani mai saye a São Paulo, aikin da ya saba yi da kansa. Takardu suka riƙe ta har bayan azahar.

Tun daga bakin lungu ta ji warin.

A bayan gida, kan simintin da ake shanya kaya, duwatsun Deusimar ne jere cikin rana. An kankare su da burushin ƙarfe. Shunayyar ta koma fari kamar alli. 'Yan tsutsotsin sun fito rabi daga ramukansu sun bushe a haka. Wata ƙaramar kaguwa ta yi rarrafe har bakin magudana ta mutu a can. Ƙudaje sun yi baƙi a kai.

Ta zube a kan gwiwoyinta. Ta ɗauki ɗaya, mai siffar sirdi, wanda ta tuna ranar da yayanta ya shigo da shi a bokiti yana ihun ta zo ta gani. Yana da zafi kamar an ciro shi daga murhu.

"Kin ga yadda suka yi kyau?" Dona Zuleide ce daga tagar kicin. "Da Deusimar yana nan da ya ji daɗi."

Jucilene ta rungume dutsen ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Da yamma aka mayar da su cikin tanki. Ranar Juma'a ruwa ya yi garau, Gleidson ya ɗauki hoto. Ranar Asabar ya fara yin fari-fari kamar an ɗiga madara, kifaye suka taru a sama suna buɗe baki. Jucilene ta ɗiga maganin gwaji a 'yar kwalba, ruwan ya koma kore mai duhu nan take. Duk abin da ya mutu cikin ramukan duwatsun yana ruɓewa, kuma babu sauran mai cinye gubar. Ta wuni tana canja ruwa har tanadin ruwan tekun shagon ya ƙare. Ta kwashe ƙananan kifayen zuwa wasu tankuna. Kanar bai shiga ko ɗaya ba, sai a bahon wanki ta sa shi, da tiyon iska.

Ranar Lahadi da safe suka same shi kwance a gefensa.

Dona Zuleide ta fito da shirin coci. Da ta gan shi sai ta yi wata irin ƙara da maƙwabta suka ce ba su ji irinta ba tun ranar da aka kawo gawar ɗanta. Ta zauna a ƙasa da fararen kayanta, ta ɗora kifin a cinya.

"Ɗana ne yake ba shi abinci a hannu. Nonato, a hannu yake ba shi!"

Aka kira Gleidson. Ya zo ya duba injinsa, ya ga yana aiki. Gumi ya keto masa. Ya share wuya da hankici.

"Injin lafiyarsa ƙalau. Ni dai ban son zargi, Dona Zuleide. Amma wa ya sa hannu cikin ruwan nan ranar Litinin? Mun san abin da ke hannunsa?"

"Gleidson!" Jucilene ta miƙe. "Ka ji tsoron Allah!"

"Tambaya kawai na yi."

"Shi ne," in ji Dona Zuleide a hankali. "Shi ne. Ya gama da ɗana, ya gama da kifinsa."

*

Maƙwabta suka kai ta ɗaki suka ba ta magani. Gleidson ya ce zai dawo cin abincin yamma. Shagon ya rage daga Jucilene sai mahaifinta.

Seu Nonato ya naɗe Kanar a tsohuwar rigar Deusimar.

"Ka san ba shi ba ne," ta ce.

"Na sani."

"Ka san tun ranar da aka buɗe kwalin nan abin da zai faru."

"Na sani."

"To me ya sa, Baba? Me Valdo ya yi maka da har za ka gwammace duwatsun ɗanka su mutu da a ce ya faɗi gaskiya?"

Tsohon ya zauna a kan bokitin da aka kife. Ya cire hularsa.

"Na ɗauka za su jure wuni guda. Haka na gaya wa kaina. Ni gwani ne a yaudarar kai, Juci." Ya murza hular a hannunsa. "Injin iskar jirgina yana da matata, wadda ke tare hayaƙi da mai kada su shiga tiyo. Ta tsufa. Sau biyu Valdo yana zuwa nan, nan inda kike tsaye, ya ce mini Seu Nonato a canja ta, iskar tana ɗanɗanon mai. Na ce a bari sai sun dawo. Akwai mai jiran kifi, jirgin sama ba ya jira. Na ce tafiya ɗaya ce."

Jucilene ta dafa bango.

"Valdo bai yi barci ba. Hayaƙi ɗana ya shaƙa a ƙasan ruwa har ya suma. Ni na tura shi."

"Baba..."

"A asibiti na je na sami Valdo, ƙafarsa a rataye. Ban roƙe shi komai ba, na rantse miki. Shi ya dube ni ya ce, Seu Nonato, matatar tana ƙasan teku, na jefar. Da uwarki ta fara cewa barci ya yi, na jira ya musa. Bai musa ba. Ni ma ban musa ba. Kwana ɗaya ya zama shekara huɗu."

Ya fashe da kuka, irin kukan tsofaffi marar sauti.

Ta so ta rungume shi, ta so ta mare shi. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Za ka gaya wa Mama."

"Ba zan iya ba."

"To ni zan gaya mata."

"Ki gaya. Haƙƙinki ne." Ya ɗago jajayen idanu. "Shekara talatin da shida muna tare. Kullum da safe sai ta yi mini addu'a, ta ce Allah ya ba ni haƙurin rashin ɗana. Kin ga jininta yau. Ki gaya mata, in kin ga za ta ɗauka."

*

Ta sami Erivaldo a bakin ruwa, inda masunta ke jan jiragensu kan yashi. Yana zaune a inuwar wani jirgi yana ɗinkin raga. A gefensa akwai jakar tafiya.

"Na ji labarin Kanar," ya ce bai ɗago ba. "Har an ce ni na zuba guba. Mai sayar da wainar rogo ta tapioca ta ƙi karɓar gaisuwata."

"Baba ya gaya mini komai."

Allurar ta tsaya.

Ta zauna a yashi kusa da shi da kayanta na coci. "Shekara huɗu, Valdo. Shekara huɗu ina tambayarka. Ka bar ni ina kwana da tunanin ko da gaske ne. Ka bari aka aika maka da zobena a leda kamar ragowar kifi."

"Yana nan. Ban jefar ba."

"Ba shi na tambaye ka ba! Me ya sa?"

"Juci, ni ma na san matatar ta mutu, kuma na tayar da injin. Da na ce ba mu fita, da ba mu fita ba. Ba ni da tsarkin da kike zato."

"Kai ɗan aiki ne, shi mai jirgi!"

"Ni ne a kan tiyo." Ya ajiye ragar. "Uwarki ta rasa ɗa. In ta ji wannan ta rasa miji, a gida ɗaya, a gado ɗaya. Ni kuwa ba kowa ba ne a wurinta. Tsanata ba ta rage mata komai, ita ce ma ke tashinta da safe. Na ga kamar zan iya ɗauka."

"Ni fa? Ka tambaye ni ko ni zan iya ɗauka?"

Idanunsa suka kawo ruwa.

"Ban tambaye ki ba. Wannan laifin nawa ne, ni kaɗai. Ki yafe mini."

Ta dubi jakar. "Wannan fa?"

"Wani ɗan'uwan babana yana kiwon jatan lande a Natal. Ya daɗe yana kirana in kula masa da ruwa. Da ina cewa a'a, don ko daga nesa ina ganinki kina buɗe shago. Yanzu kuwa ganina ne ke jawo miki. Motar ƙarfe biyar zan bi."

"To mu tafi tare."

"Ki bar ta yau? Da kifin ɗanta a cinya?"

"To ka tsaya! Kwana ɗaya, Valdo. Zan sa ya yi magana."

"Kada ki sa shi. In ya faɗa don kin matsa masa, in wani abu ya same ta, ke za ki ɗauka har ki mutu. Na san nauyin. Ba na so miki shi."

Ta kama rigarsa da hannu biyu, ta kifa kanta a ƙirjinsa. Yana warin gishiri da man inji. Ya ɗora haɓarsa a kanta, suka daɗe a haka, masunta na wucewa suna kau da kai.

"Kada ki zubar da duwatsun," ya ce daga baya. "Ki bar su a ruwan teku, a duhu, famfo na motsa su. Ki riƙa canja ruwan har warin ya tafi. Akwai wata 'yar guntuwa a ƙaramin tankin bakin ƙofa, ita ba a taɓa ta ba. Ki sa ta a tsakiyarsu. Za su kama rai daga jikinta. Zai ɗauki watanni."

"Kai ko yanzu maganar dutse kake yi."

"Ita kaɗai na iya yi ba tare da na yi kuka ba."

Amma yana kukan.

*

Ƙarfe shida aka zauna cin abinci. Dona Zuleide ta tashi duk da ciwon kai ta dafa shinkafa da wake da cuku, don Injiniya yana so. Fuskarta a kumbure. Ta ɗauko hoton Deusimar daga bango ta jingine shi da tulun ruwa a tsakiyar tebur.

Gleidson ya zauna a kujerar mamacin. Yana ta taɓa aljihun rigarsa, inda wani ƙaramin akwati ya yi tudu.

Babu wanda ya ci loma uku.

"An gan ki a bakin ruwa," in ji Dona Zuleide.

Jucilene ba ta musa ba.

"Ban yi fushi ba. Na gaji da fushi." Ta miƙo hannu ta kama na 'yarta, ta ja shi ta ɗora a kan gilashin hoton. Tafinta na da zafi. "Ke kaɗai kika rage mini. Ban san kwana nawa Allah ya bar mini ba. Ki rantse a kan fuskar yayanki, a gaban ubanki da wannan bawan Allah, cewa kin rabu da wanda ya kashe shi. Ki rantse in samu barci, 'yata."

Jucilene ta dubi hoton. Deusimar na dariya, da tabaran nutso a goshi.

Ta ɗago ta dubi mahaifinta.

Seu Nonato na riƙe da cokali, idonsa cikin faranti. Ta jira. Agogon bango ya nuna shida da kwata, motar Natal ta yi nisa. Ta ga babu abin da ya rage mata da za ta kare in ban da matar nan mai riƙe da hannunta.

Hawaye na zuba, ta buɗe baki.

"Mama, na rantse..."

Cokalin ya faɗi a kan faranti.

"Sakar mata hannu, Zuleide."

"Me ka ce?"

"Na ce ki sake ta. Ba za ta rantse a kan ƙarya ba." Ya dafa tebur ya miƙe. "Gleidson, ɗauki injinka ka tafi gida. Wannan maganar ta iyali ce."

"Seu Nonato, ai ni ma..."

"Tafi gida."

Sai da ƙarar motar ta ɓace, sannan tsohon ya zagayo teburin. Ya ɗauko kwalbar maganinta ya ajiye kusa da hannunta, da kofin ruwa. Ya durƙusa a gaban matarsa, gwiwa biyu a ƙasa, abin da bai yi ba ko ranar da ya nemi aurenta.

Dona Zuleide ta dube shi, ta dubi 'yarta. Jinin fuskarta ya janye.

"Nonato, kana ba ni tsoro."

"Sha maganin tukuna," ya ce. "Zan gaya miki yadda ɗanmu ya mutu."